Kiwon Kifi a Gida: Wane Inji Ne Zai Ishi Tankinka?

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu yi magana a kan wani ƙaramin abu wanda yakan raba mai riba da mai hasara a kiwon kifi na cikin gida. Abin nan shi ne injin da ke ɗebe ruwa daga tankin kifi, ya kai shi mataci, ruwan ya komo da tsabta. Mutum yakan yi lissafin siminti da 'ya'yan kifi da abincinsu daki-daki. Amma in aka zo kan inji, sai ya shiga kanti ya ce a ba shi mai ƙarfi, ya karɓi wanda aka miƙo masa. Wata na fari da na biyu kome lafiya. A wata na huɗu, sa'ad da kifi suka yi nauyi, kuɗin ƙungiya duka yana cikin tanki, sai ruwa ya ɓaci a dare ɗaya. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Sau da yawa injin ne bai isa ba tun ranar da aka saye shi.

ABIN DA YA SA MUTUMIN KATSINA KE BUKATAR INJI

A wuraren da ke da ruwa da ƙasa mai yumɓu, kamar gonar kifi ta Panyam a Jihar Filato wadda aka kafa a farkon shekarun 1950, akan haƙa tafki mai faɗi a zuba kifi, yawan ruwa ya shanye ƙazantarsu. Birnin Katsina ba haka yake ba. Ƙasar rairayi ce, ba ta riƙe ruwa. Damina ba ta cika wuce wata 4 ba, daga Yuni zuwa Satumba. Madatsar Ajiwa, wadda ta daɗe tana ba birni ruwan famfo, tun shekarun 1970 aka gina ta, gari kuwa ya ninka girmansa na wancan lokaci. Saboda haka gidaje da yawa sun dogara ga rijiya da burtsatse da masu kurar ruwa.

Mu ɗauki gida a Ƙofar 'Yandaka, can yammacin birni inda hanyar Batsari ta fita. Tun wajen 2019 rashin tsaro a yankin Batsari da Jibiya da Safana ya raba manoma da yawa da gonakinsu, wasu suka dawo cikin birni. Ga wanda ba shi da fili sai tsakar gida, tankin tarwaɗa na siminti ko na tamfol sana'a ce da za ta shiga kusurwa guda. Amma ruwa fa?

Ga lissafi. Tankin da ke cin lita 3,000 jarka 120 ke nan, irin mai lita 25. In babu mataci, sa'ad da kifi suka girma akan zubar da rabin ruwan kusan kowace rana, watau jarka 60. In kura tana ɗaukar jarka 12, kura 5 ke nan kullum. In kuwa akwai mataci mai aiki sosai, canja kashi 1 cikin 10 ya isa, watau kura guda. Kuɗin kura 4 ɗin da suka rage shi ne ladan inji da mataci.

AIKIN DA INJI KE YI WA MATACI

Kifi a cikin ruwansa yake ci, a ciki yake kashi. Ban da kashin da ido ke gani, akwai wata guba mai suna amoniya wadda yake fitarwa ta gefen kansa, wurin da yake shaƙar ruwa. Ita ce mai warin nan da ke tashi a akurkin kajin da ba a share ba. Masanan kiwon kifi sun lissafa cewa kilo 1 na abincin kifi yakan bar kamar giram 30 na amoniya a cikin ruwa. Yawan ci, yawan guba.

Mataci, wanda wasu ke ce wa filta, yawanci duro 2 ne. A na fari ruwa yakan lafa, kashi da ragowar abinci su kwanta ƙasa, a buɗe a zubar. Na biyu akan cika shi da tsakuwa wankakkiya, ko murafun gorar roba, ko guntayen bututu. A jikin waɗannan wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke zama, ana ce da su bakteriya. Su ne ke cin amoniya, su mai da ita wani abu da ba ya cutar kifi sosai, wanda kuma taki ne ga shuka. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawa a sabon mataci.

Halittun nan ba sa fita neman abinci, sai an kai musu. Iskar da suke shaƙa ma a cikin ruwan take zo musu. Inji ne mai kai musu duka biyu. In yana kai ruwa kaɗan-kaɗan, guba takan taru a tanki fiye da yadda ake kwashe ta, kome kyan matacin.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce: dukan ruwan tanki ya ratsa mataci sau 1 a kowace awa, dare da rana. Tanki mai lita 3,000 yana bukatar lita 3,000 su zubo daga bakin bututu a kowace awa. Ku riƙe wannan, gama sauran maganar duka a kansa take.

Ku kuma lura da lokacin da ake yi wa lissafi. 'Ya'yan tarwaɗa 200 masu giram 10 kowanne ba sa cin fiye da giram 100 a rana. Kifin nan 200 in sun kusa shiga kasuwa za su ci kamar kilo 2 a rana, watau ninki 20. Injin da ya ishe su a wata na fari ba shaida ba ne. A sayi inji domin watan ƙarshe.

MATAKI NA 1: AUNA RUWAN TANKI

Auna tsawon tanki da faɗinsa da zurfin ruwan da ke ciki, duka da mita. Zurfin ruwa ake aunawa, ban da bangon da ya rage a sama. Ka ninka ukun nan da juna, sa'an nan ka ninka da 1,000. Tanki mai tsawon mita 2, faɗi mita 1.5, zurfin ruwa mita 1, ya ba da 3, watau lita 3,000.

In tankin zagayayye ne, auna faɗinsa ta tsakiya. Ka ninka faɗin da kansa, ka ninka da zurfin ruwa, ka ninka da 785. Mai faɗin mita 2 da zurfin mita 1 yana cin lita 3,140. Wanda ba shi da abin awo, sai ya ƙirga jarkoki ranar da ya fara cika tankin, ya rubuta a bango.

MATAKI NA 2: AUNA TSAYIN DA RUWA ZAI HAU

Kowane inji yana rage ruwa gwargwadon tsayin da aka sa shi ya tura. Tsayin nan daga saman ruwan tanki ake auna shi zuwa bakin bututun da ke zuba cikin duro. Ba a farawa daga ƙasan tanki inda inji ke kwance, gama nauyin ruwan tankin da kansa yana kai ruwa har samansa ba da taimakon inji ba.

Saboda haka kada a ɗaga duro fiye da bukata. Abin da ake so shi ne ruwan da ya fito daga mataci ya gangaro cikin tanki da kansa. In ɗan dakali na bulo ya isa, ba amfanin gina hasumiya. Kowane taƙi da aka rage wa tsayi ƙarin ruwa ne kyauta. A misalinmu, mu ce bakin bututu yana mita 1 bisa saman ruwa.

MATAKI NA 3: KADA BUTUTU YA SHAƘE INJI

Ruwa yana gogar jikin bututu in yana gudu, gogar nan kuwa tana gajiyar da inji daidai da hawan tsayi. Idan lita 3,000 za su bi bututun inci 1 mai tsawon mita 5 a cikin awa, kamar an ƙara wa tsayi fiye da rabin mita ne. In bututun inci 1 da rabi ne, ƙarin bai kai taƙi guda ba. Tiyo na rabin inci kuwa, irin wanda ake ba fulawa ruwa da shi, ba zai ɗauki wannan ruwa ba sam. Dalili shi ne, in aka ninka faɗin bututu sau 2, hanyar ruwa sau 4 take ƙaruwa.

Kowace gwiwa a bututu ita ma tana cin ƙarfi. A gajarta hanya, a rage gwiwoyi, kada a sa bututun da ya fi bakin inji ƙanƙanta. A misalinmu da bututun inci 1, tsayin mita 1 da gogar rabin mita sun zama mita 1.5. Da wannan lamba za mu shiga kanti.

MATAKI NA 4: KARANTA KWALIN INJI

Injin da ya dace da wannan aiki shi ne ƙaramin nan na lantarki da ake nutsarwa cikin ruwa, wanda aka ƙera domin ya yi ta aiki ba tsayawa. A kwalinsa ko a jikinsa akwai lambobi 3.

Ta fari tana gaban haruffan Qmax, ko kuma an bi ta da L/H. Ita ce yawan litar da yake bayarwa a awa. Ta biyu tana gaban Hmax, watau iyakar tsayin da zai iya kai ruwa. Ta uku an bi ta da W, watau wat, yawan wutar da yake sha.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Lambar fari ta ruwan da inji ke bayarwa ce in ba ya hawa ko kaɗan. Lamba ta biyu kuwa tsayin da ruwa zai kai ya tsaya cik ne, ko ɗigo ba ya fita. Inji ba ya ba da biyun nan a lokaci guda. A rabin iyakar tsayinsa, kamar rabin ruwansa yake bayarwa. Mu gwada injuna 3 a tsayinmu na mita 1.5:

Na fari an rubuta lita 3,000, iyakar tsayi mita 3. Lambarsa ta yi daidai da tankinmu, mai kanti ma zai ce shi ne. Amma a mita 1.5 kamar lita 1,500 zai bayar. Rabin bukata ke nan.

Na biyu an rubuta lita 6,000, iyakar tsayi mita 3. Zai ba da kamar lita 3,000. Ya isa, amma ba rara.

Na uku an rubuta lita 5,000, iyakar tsayi mita 4.5. Tsayinmu sulusin iyakarsa ne kawai, saboda haka zai ba da kamar lita 3,300. Ko da yake lambarsa ta fari ba ta kai ta na biyu ba, ya fi shi ruwa a gidanmu.

Wasu kwalaye suna da zane mai layi da ya gangaro, yana nuna ruwan da inji ke bayarwa a kowane tsayi. In akwai shi, a bi shi, ya fi wannan kintace. In kana shakka tsakanin inji 2, ɗauki na sama, gama datti da gansakuka za su rage masa ƙarfi da tafiyar kwanaki.

MATAKI NA 5: GWAJIN BOKITI

Rubutun kwali ji ne, gani kuwa ya kori ji. Bayan an haɗa kome a wurinsa, tara bokitin fenti mai lita 20 a bakin bututu, wani ya riƙe agogo. Ka raba 72,000 da yawan daƙiƙun da bokiti ya ɗauka kafin ya cika. Abin da ya fito shi ne litar da injinka ke bayarwa a awa.

In ya cika a daƙiƙa 24, lita 3,000 ke nan. In a daƙiƙa 36, lita 2,000. In a daƙiƙa 48, lita 1,500. Ka yi yarjejeniya da mai kanti tun kafin ka biya, cewa in gwajin bokiti bai kai ba za ka dawo da shi ka canja. Ka kuma maimaita gwajin kowane mako, ka rubuta. Ranar da daƙiƙu suka fara ƙaruwa, inji ko bututu ya fara toshewa, kifi kuwa ba su riga sun nuna alama ba tukuna.

INJUNAN DA BA NA WANNAN AIKI BA NE

Da yake manoma sun saba da injuna, akan so a yi amfani da wanda ke hannu. Ku yi hattara da guda 3.

Akwai ɗan injin nan mai ƙarfin rabin doki da ake tura ruwa da shi zuwa tankin saman gida. Yana iya kai ruwa tsayin mita 30, amma ruwansa bai wuce kamar lita 35 a minti ba, watau lita 2,100 a awa. Wutarsa kuwa wat 370 ce ko fiye. Injin nutso mai wat 60 yana iya fin shi ruwa a tsayin mita 1, ga shi wutarsa kashi 1 cikin 6 ce. Na saman gida kuma ruwa mai tsabta yake so, kashin kifi yakan toshe shi.

Akwai sumo na burtsatse. Shi ma domin zurfi aka yi shi, yana da tsada, yana shan wuta. Aikinsa ya ɗebo sabon ruwa daga ƙasa.

Akwai kuma injin ban-ruwa mai fetur, wanda ya bazu a fadamun arewa tun shekarun 1980. Mai inci 2 yakan ba da kamar lita 30,000 a awa. Zai kwashe tankinmu ƙaf a minti 6. Ba wanda zai iya ba shi fetur dare da rana har wata 5, balle tun da aka janye tallafin mai a 2023.

IN ƘARFI YA YI YAWA

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai gari. Injin da ya fi ƙarfin tanki shi ma yana da tasa ɓarnar. Ƙananan kifi sukan gaji da kokawa da igiyar ruwa, abincin da ya kamata ya zama nama ya tafi a ninƙaya. Wasu yakan zuƙe su su manne a bakinsa. A duron fari kuma datti ba ya samun sukunin kwanciya, sai ya wuce ya koma tanki.

Babban hatsari shi ne ambaliya. Ruwa da ƙarfin inji yake shiga duro, amma da gangara kawai yake fita. In abin da ke shiga ya fi abin da ke fita, duro zai tumbatsa ya yi ta zuba ƙasa, inji kuwa ba ya sani. Kafin asuba tanki ya ƙafe, kifi suna kwance a siminti, inji ya ƙone don ya yi aiki babu ruwa. Maganin wannan abu 2 ne. Bututun da ke mai da ruwa tanki ya ninka na shiga faɗi. Sa'an nan a ɗora inji a kan bulo cikin tanki, domin ko me ya faru ruwan da ke ƙasa da shi ya rage wa kifi.

Sa'ad da kifi ke ƙanana, ana iya rage gudun ruwa da bawul a bututun da ya fito daga inji, ko a yi masa reshe wani ruwan ya koma tanki. Kada a toshe wurin da yake shan ruwa.

WUTA DARE DA RANA

Injin da ya isa amma ba wuta, daidai yake da babu. Kafin a saya, a yi lissafin wuta. Mai wat 60 in ya yi awa 24 ya sha wat-awa 1,440, kusan yunit 1 da rabi a rana, yunit 43 a wata. Mai wat 370 zai sha kusan yunit 9 a rana. Tsakanin injuna masu ruwa iri ɗaya ma akwai bambanci: wani wat 50, wani wat 120. Mai araha yakan zama mai shan wuta, araha kuwa ba ta ado.

Wanda zai dogara ga sola, ga abin lura. Injin wat 60 yana bukatar wat-awa 720 domin awa 12 na dare. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe da 1,200, amma irin mai dalma da ruwan batir ba a son a zuƙe fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, watau 600. Guda ɗaya bai isa ba. Farantin sola kuwa sai kamar wat 400, domin ya juya inji da rana ya kuma cika batir. Da hunturu a riƙa goge masa ƙura kowace safiya.

Bazara ce lokacin gwaji. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan kai awo 40. Ruwa mai zafin awo 30 iskar da yake riƙewa ta gaza ta mai awo 20 da kamar kashi 1 cikin 6, gubar amoniya kuma ta fi cizo a ruwan ɗumi. Tarwaɗa tana iya leƙowa ta shaƙi iskar sama, shi ya sa takan ruɗi mai ita ya ɗauka kome lafiya. Amma guba tana cinta. Za ka ga ta rage ci, ta tsaya a tsaye a saman ruwa, jiki ya fara gyambo. Karfasa ba ta da wannan baiwa.

In wuta ta ɗauke ta daɗe, abu na fari a daina ba da abinci. Kifi ba ya mutuwa don yunwar kwana 1 ko 2. Na biyu, a canja wani ɓangare na ruwan. Na uku, in mataci ya yi awoyi a tsaye, a zubar da ruwan da ya kwana a cikinsa kafin a kunna inji. In yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, guba ce, kada ta shiga tanki.

AKWATIN GILASHI NA CIKIN ƊAKI

Wasu suna ajiye kifin ado a akwatin gilashi, wasu kuma suna renon 'ya'yan kifi a ƙaramin mazubi kafin su kai su tanki. Lissafin ɗaya ne, sai dai da yake ruwan kaɗan ne, matacin ma ƙarami, akan so ruwa ya zagaya sau 4 ko 5 a awa. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 30, yana cin lita 54. Injin da ke ba da lita 200 zuwa 300 a awa ya ishe shi, wutarsa ba ta wuce wat 5 ba. A gwada shi da gorar ruwa mai lita 1: in ta cika a daƙiƙa 15, lita 240 ke nan a awa. In ka ga kifi suna ɓuya a kusurwa, ko ruwa yana jifa da su, ƙarfin ya yi yawa. A juya bakin bututu ya fuskanci gilashi.

KULA DA INJI DA KULA DA RAI

1. Cire wayar inji daga wuta kafin kowa ya sa hannu a tanki. A koya wa yara wannan kafin a koya musu ba da abinci.

2. Kada a yi amfani da wayar da aka yanke aka ɗaure a cikin ruwa ko kusa da shi. Mahaɗar wuta ta zauna a sama, inda ruwan sama ba ya taɓawa.

3. Kowane mako a buɗe inji a wanke farfelarsa. Gashi da zare da leda su ne manyan abokan gabanta.

4. In za a sa wa bakin inji raga don kare ƙananan kifi, kada a yanko gidan sauro mai magani. Maganin da ke kashe sauro yana kashe kifi, ko kaɗan ne. Haka kuma duron da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na ciyawa.

5. A wanke kayan cikin mataci da ruwan tanki. Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin wanda ke kashe bakteriya. In da shi za a ƙara wa tanki, a bar shi a buɗe ya kwana tukuna.

6. Ruwan da aka zubar daga mataci kada ya tafi kwata. A kai shi gindin zogale da alayyafo da yakuwa.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Inji yakan mutu ba sanarwa, sau da yawa da dare ko ranar da kanti ke rufe. Mutum ɗaya zai ji nauyin ajiye inji na biyu, amma ƙungiya mai tanki 5 ko 10 ba za ta ji ba. In 'yan ƙungiya suka sayi iri ɗaya, da bututu mai faɗi ɗaya, inji guda na ajiya a hannun ma'aji zai ishi kowa, a ɗaura shi cikin minti 10. Wanda ya ara ya mayar da sabo. A tankin da kifinsa suka kusa kasuwa kuwa, ƙananan injuna 2 masu aiki tare sun fi babba guda, gama in ɗaya ya tsaya ɗaya yana riƙe da kifin har gari ya waye.

A taronku na gaba, kowane mai tanki ya zo da lambobi 3 a rubuce: litar tankinsa, tsayin da ruwansa ke hawa, da daƙiƙun da bokitinsa ya ɗauka. Sakatare ya yi lissafin a gaban kowa. Wanda ruwansa bai kai ba, a fara duba tsayin duro da faɗin bututu, gama sau da yawa gyaran nan kaɗai ya isa ba sai an sayi sabon inji ba. In kuma wutar da ke gidan ba za ta iya riƙe injin da tanki ke bukata ba, sai a rage yawan kifi tun suna ƙanana. Kifi 100 da suka kai kasuwa sun fi 200 da aka binne a bayan gida. Masu shirin farawa su nemi malamin gona na hukumar KTARDA da ke yankinsu, ko wani da ya riga ya yi kiwo ya sayar, ya duba wurin kafin a zuba siminti.